Wata Guda a Ɗakin Masu Taɓin Hankali: Yana Sauya Ɗalibin Likita Kuwa?

Ranar da aka fara kai ajinmu ɓangaren masu taɓin hankali, babu malamin da ya ce mu yi wani shiri, amma kowa ya yi nasa. Maza suka sauke abin sauraren ƙirji daga wuya suka cusa a aljihu, wai kada a shaƙe su da shi. Mata suka tattare bakin hijabi. Da aka ce mu rarrabu mu ɗauki tarihin marasa lafiya, kujerar da ta fi kusa da ƙofa ita aka yi rububi. Mu ne fa muka yi watanni muna feɗe gawa, muka tsaya a kan masu tarin fuka, muka wanke gyambon da warinsa ke korar dangin mai shi. Duk wannan bai faɗar mana da gaba ba kamar wannan ƙofa.

Wanda aka haɗa ni da shi dattijo ne, malamin firamare, yana zaune a bakin gado da hularsa a kan gwiwa. Na buɗe littafi, alƙalami na rawa a hannuna. Ya dubi hannun, ya ce, "Gyara zama, ɗana. Ni ma ranar da aka fara tsayar da ni gaban 'yan aji haka hannuna ya yi." Daga nan ya warware mini ciwonsa dalla-dalla: yadda barci ke fara ƙaurace masa, yadda yake wayar gari yana rabar da albashinsa a kasuwa yana jin babu abin da ya fi ƙarfinsa, sannan bayan wasu makonni duniya ta yi masa baƙi ƙirin har tashi sallar asuba ya gagare shi. Bayaninsa ya fi na littafin da na kwana ina karantawa fita fes.

Na daɗe ina ɗauka wannan zama ya wanke ni. Daga baya na gane maganar ta fi haka tsawo, kuma har yau in likitoci suka haɗu suna hirar yadda ake koyar da ƙannenmu, ra'ayi biyu ne ke karo. Wasu na cewa makonnin nan na ɓangaren ƙwaƙwalwa su ne ke cire wa ɗalibi tsoro da ƙyamar da ya taso da su. Wasu na cewa abin na ɗan lokaci ne kawai, ana fita daga ɗakin kowa ya koma gidan jiya.

Muhawarar ba ta cika baki ba ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. A Arewa, in ka ƙirga asibitin Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, ka haɗa da 'yan ɗakunan da ke asibitocin koyarwa, ka kusa gama lissafi. Matar da damuwa ta hana ta barci a Gumel, ko saurayin da ya fara jin muryoyi a Yawuri, ba ƙwararre zai fara gani ba. Likitan babban asibitin garinsu zai gani, wanda iyakar saninsa da wannan fanni shi ne wata guda ko biyun da ya yi yana ɗalibi. Abin da waɗannan makonni suka bar masa a zuciya, shi mara lafiya zai tarar a fuskarsa.

Ɗalibi kuwa ba daga sama ya faɗo ba. A 2005 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa mutum 2,040 a jihohi uku na ƙasar Yarabawa. Kashi 96.5 cikin ɗari sun ce mai taɓin hankali abin tsoro ne, kashi 82.7 sun ce za su ji tsoron yin hira da shi, kashi 16.9 ne kacal suka ce za su iya tunanin aurensa. Shekara guda kafin nan, likitoci daga Kano sun buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa mutum 250 a ƙauyen Karfi. Wajen kashi 34 na amsoshin sun ɗora laifin ciwon a kan shaye-shaye, kashi 18 a kan sammu da aljanu, kuma kusan rabin mutanen ba su ɓoye cewa ransu ba ya son mai wannan ciwo ba. A irin waɗannan gidaje muka tashi. Mun ga yara na bin mai tsumma da jifa, wasunmu ma da su aka bi. Mun ji iyaye in ana binciken aure suna tambaya da murya ƙasa-ƙasa ko akwai hauka a dangin. Cin jarrabawar shiga jami'a ba ya goge wannan.

Masu cewa horo na aiki, hujjarsu ta farko ita ce gani ya kori ji. Ɗalibin da bai taɓa sanin mai taɓin hankali ba sai wanda ke tsince-tsince a bola, yana shiga ɗakin sai ya tarar da malamin makaranta, da matar aure, da ɗan kasuwa, da mahaddacin Alƙur'ani. Mafi yawansu ba duka suke ba, ba zagi suke ba. Wasu ma tsoron da ke ransu ya fi na ɗalibin.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: ɗalibi yana ganin sauƙi da idonsa. A mako na farko aka kawo mana wata mai jego, kwana goma da haihuwa, da shatin igiya a wuyan hannayenta biyu. Ba ta barci, ba ta yarda a miƙo mata jaririn, tana cewa an musanya shi. Uwarta na tsaye a bakin ƙofa da ƙullin rubutu a leda, ta ce da babban likitanmu, "Likita, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an kai ta wajen malamai uku. Nan ne ƙarshen dabararmu." Kafin mu gama zagayenmu na ga wannan yarinya zaune a kan tabarma tana ba ɗanta nono, tana tambayar nas ko maganin da take sha ba zai taɓa yaron ba. Ban san wata lacca da za ta iya yi wa ɗalibi abin da wannan gani ya yi mana ba. A ɗakin masu ciwon ƙoda ko kansa mun saba da sallamar mutum a kai shi gida a jira lokaci. A nan sai ga mutum ya dawo hayyacinsa gaba ɗaya, da magungunan da ba su fi ƙarfin aljihun talaka ba.

Bincike ma ya tsaya musu. Tun 1982 akwai wata takardar tambayoyi 30 da ake ba ɗalibai kafin su shiga wannan ɓangare da bayan sun fito, kuma an yi amfani da ita a ƙasashe da dama. A 2014 wata mai bincike a Ostareliya, Zaza Lyons, ta tattara irin waɗannan nazarce-nazarce, ta tarar mafi yawansu sun nuna ra'ayin ɗalibai ya gyaru bayan horon. Farfesa Graham Thornicroft da abokansa, a mujallar Lancet a 2016, sun nuna cewa cikin duk hanyoyin rage ƙyama, cuɗanya ido da ido da mai ciwon ita ta fi tasiri. To wane cuɗanya ya wuce na ɗalibin da ke zama awa guda yana sauraren tarihin mutum tun daga yarintarsa?

Ɗaya ɓangaren ba su musa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Tambayoyi suke yi, kuma tambayoyin suna da nauyi.

Wa ya raba takardar tambayoyin? Malamin da zai yi maka jarrabawa jibi. Yaushe aka raba ta? Ranar ƙarshe, lokacin da ɗalibi ya riga ya san amsar da ake so. Ɗalibin likita kuwa, in akwai abin da ya ƙware a kai, sanin amsar da ake so ne. Shi kansa Thornicroft ya faɗa cewa tasirin da aka auna na ɗan gajeren lokaci ne, shaidar ɗorewarsa ba ta da ƙarfi. Kuma duk da yabon da ɗalibai ke yi wa fannin a takarda, in aka zo zaɓen abin da za a ƙware a kai, sai ka ga layin tiyata da na mata da haihuwa ya cika, na ƙwaƙwalwa babu kowa sai ɗaiɗaiku. Wanda ya zaɓa ma sai an tambaye shi a gida ko lafiya.

Sannan suna cewa a duba irin cuɗanyar. Ɗakin kwanciya ba ya nuna wa ɗalibi ciwon ƙwaƙwalwa, yana nuna masa mafi munin kwanakinsa ne. Wanda ya warke ya tafi gona ko ofis, ba ka ƙara ganinsa. Wanda ciwonsa ke dawowa shi za ka gani yau, ka gan shi bayan wata uku, har ka haddace lambar fayil ɗinsa. A hankali sai likita ya ɗauka kowa haka yake. Ga kuma tsofaffin magunguna irin su Largactil da halofaridol, waɗanda su ne aka fi samu saboda arha, suna sa jiki ya sandare, hannu na rawa, miyau na zuba. Ɗalibi ya ga saurayi na tafiya a sandare kamar an ɗaure shi da itace, ya ɗauka ciwon ne, alhali maganin ne. Wani zai shiga da tsoro, ya fito babu tsoro amma ya yanke ƙauna, kuma ban tabbata mara lafiya ya ci riba a wannan musaya ba.

Hatta bayanin da muke alfahari da shi, cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa da gado kamar kowane ciwo, kaifi biyu gare shi. Wani nazari da aka buga a 2013, wanda ya haɗa bincike masu yawa, ya nuna cewa wannan bayani yana rage ɗora wa mutum laifi, amma yana ƙara wa mutane jin cewa ba zai warke ba. A wurinmu abin ya fi tsanani. Wanda aka ce aljani ne ya shafe shi, ana sa ran aljanin zai fita, ya koma cikin jama'a, har a ba shi aure. Wanda aka ce a jininsa yake, an shafa wa ƙannensa mata baƙin fenti su ma. Da a ce ilimi kaɗai na kashe ƙyama, da ba a samu abin da aka samu a Suwizalan a 2006 ba, inda aka gwada ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa da sauran jama'a, aka tarar su ma ƙwararrun ba su fi kowa son kusantar mai ciwon sikizofireniya ba a rayuwarsu ta yau da kullum.

Hujjarsu da ta fi ci mini rai ita ce wadda na gani da kaina. Ina sabon likita, wani dare aka kawo wani saurayi ɗakin agajin gaggawa yana riƙe da ciki yana nishi, yana surutai. Yayansa ya miƙo katinsa, sai ga tambarin ɓangaren ƙwaƙwalwa a jiki. Abokin aikina ya dubi katin, bai ko ɗaga rigar yaron ba, ya ce, "Nasu ne. A yi masa allurar barci, da safe a kira likitansu." Yayan ya ce, "Ranka ya daɗe, kwanansa takwas yana zazzaɓi." Ba a saurare shi ba. Ina tsaye, na ji, kuma ban buɗe baki ba, domin ni ma a raina na yarda nasu ne. Da safe cikin ya ƙame kamar katako. Taifot ce ta huda masa hanji, surutan kuwa na zafin zazzaɓi ne. An yi masa aiki, ya rayu da ƙyar bayan makonni a kwance. Ni da abokin nan ajinmu ɗaya, tare muka ga mai jegon nan ta warke, tare muka ci jarrabawar. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa masu matsanancin ciwon ƙwaƙwalwa suna mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sa'o'insu, akasari da cututtukan jiki da ake iya magancewa. Duk lokacin da na ga wannan adadi, yaron nan nake tunawa.

A nan masu wannan ra'ayi kan rufe da cewa hali zanen dutse ne. A nan ne kuma nake rabuwa da su, duk da na yarda da kusan duk abin da suka kawo.

Kalmar "nasu ne" ba daga gida abokina ya zo da ita ba. A asibiti ya koye ta. Wata guda muka yi a ɓangaren ƙwaƙwalwa, amma shekara uku muka yi a sauran ɗakuna, muna bin manyan likitoci a baya, muna jin yadda ake kiran mara lafiya mai yawan ƙorafi, muna ganin yadda ake dariya in an ce wane ya tafi zama likitan mahaukata. Wannan ma darasi ne, ba a rubuta shi a jadawali ba, amma ya fi kowane darasi shiga. In har za a iya koya wa mutum raini a cikin shekara uku, to hali ba dutse ba ne, ana tanƙwara shi. Abin da ke faruwa shi ne ana ja ta gefe guda na wata ɗaya, ana ja ta ɗaya gefen na shekaru, sannan a zo ana mamakin inda icen ya karkata.

Akwai kuma wurin da horon kansa yake tuntuɓe, wato maganar aljanu. Ɗalibi Musulmi ya yi imani da samuwar aljanu, kuma babu laccar da za ta cire masa wannan. In malami ya taɓo zancen da izgili, ɗalibi ba ya gardama, sai ya ɗinka aljihu biyu: amsar jarrabawa a ɗaya, amsar gida a ɗaya. Ranar da ƙanwarsa ta fara surutai, aljihun gida zai laluba. Da an zauna da shi an nuna masa cewa imani da gaibu bai hana a gane ciwo ba, da an tuna masa cewa Abu Zaid al-Balkhi ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai fiye da shekara dubu da suka wuce, cewa asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 yana da ɓangaren masu taɓin hankali, cewa shari'a ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyi ta yi ba tsine masa ba, da aljihun ya zama ɗaya. Ba sabon tunani ba ne ma a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a, kuma bai ƙi aiki da masu maganin gargajiya ba. A 2020 Gureje ya buga sakamakon wani gwaji na haɗa ma'aikatan asibiti da masu maganin gargajiya da na addini a Ibadan da Kumasi, marasa lafiyar da aka yi wa haka suka fi samun sauƙi. Iyalin da likita ya yi wa kallon jahilai ba sa dawowa, kuma mun ga inda wasu ke ƙarewa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna neman gyara.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wasu daga cikin masu fararen rigunan da ke tsaye a bakin gado su ma marasa lafiya ne. Wani babban nazari da mujallar JAMA ta buga a 2016, daga ƙasashe fiye da 40, ya gano kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban likita suna da ciwon damuwa ko alamunsa, kashi 11 sun yi tunanin kashe kansu, amma cikin masu alamun kashi 16 ne kawai suka nemi magani. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya fi takardar tambayoyi gaskiya. Ɗalibin da zai rubuta cewa ciwon damuwa kamar hawan jini yake, amma ya gwammace ya mutu a ɗakinsa da a ga ƙafarsa a layin ganin likitan ƙwaƙwalwa, ya gaya maka abin da ya yarda da shi. Ba zan ga laifinsa ba, domin ya ji yadda ake magana a kan waɗanda aka gani.

Saboda haka ni ina tare da masu cewa horo na aiki, amma da sharaɗin da masu suka suka tilasta mini. A rage wa ɗalibi kwanakin ɗakin kwanciya, a ƙara masa na ɗakin ganin likita, inda tela da direba da malamar asibiti ke zuwa karɓar maganin wata su koma bakin aiki. A ɗauko waɗanda suka warke, a biya su, su tsaya gaban aji su koyar, kamar yadda dattijon nan ya koyar da ni ba da niyya ba. A sa likitan ƙwaƙwalwa cikin zagayen ɗakin haihuwa da na masu ciwon suga, don ɗalibi ya daina ganin fannin a matsayin wani gini can bayan asibiti. Har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ƙasar nan tana aiki ne da Dokar Mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa 1916, dokar tsarewa ce ba ta jinya ba. Kusan duk malaman da ke koyarwa yau a ƙarƙashinta suka yi karatu. Su ma suna bukatar a koma da su aji.

Kwanakin baya wani ɗan ajinmu, yanzu babban likitan tiyata ne, ya kira ni bayan isha'i. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana. Wani ne ke neman auren ƙanwarsa, yaron kirki, ma'aikaci, kuma da bakinsa ya gaya musu cewa shekararsa shida yana shan maganin ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Malam, ba a matsayin likita nake tambayarka ba. In ƙanwarka ce, za ka ba shi?"

Na ce ya tambayi abin da zai tambaya in da ciwon suga ne. Yana shan maganinsa? Yaushe rabon da a kwantar da shi? Ya san alamun da ke nuna ciwon na shirin tashi? Ita yarinyar ta san komai, ta kuma yarda? Ya kawo maganar gado. Na ce akwai, ba zan ɓoye masa ba, wajen ɗaya cikin goma ne a irin waɗannan cututtuka in uba ko uwa na da shi, wato tara ba sa samu. Na ƙara da cewa mutumin da ya faɗi irin wannan sirri kafin a ɗaura aure, alhali zai iya yin shiru, ya nuna maka wani abu game da kansa.

Ya yi shiru har na ɗauka wayar ta katse. Can ya ce, "Duk na san wannan, tare muka karanta. Hajiya ce ban san ta inda zan fara mata ba. Za ka raka ni?"

Na ce ya sa mana rana.